Kiɗa ɗaya har minti 40 kuma ba a gaji ba: son abin ne ya rufe mini ido?

ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma ina son waɗanda suka fi ni sanin kiɗa su sa baki.

Akwai wasu makaɗa su 6 a nan Maraɗi da ke haɗuwa kowace Asabar bayan isha'i a wani fili kusa da gidanmu. Masu jita biyu, mai bas, mai gangunan Turawa, mai ƙwarya, sai wani magidanci mai kalangu da ya girme su duka. Ba su da faifai, ba a sa su a rediyo. Wata 4 ke nan ban yi fashin zuwa ba. Abin da ya kama ni shi ne ban taɓa jin sun maimaita kiɗa yadda suka yi shi a baya ba. Suna da wani amshi mai layi biyu da suke buɗe wasa da shi. Wani makon su sauke shi cikin minti 10, wani makon su ja shi har minti 40, ya bi ta wurare da dama kafin ya dawo gida.

Asabar ɗin da ta wuce ana tsakiyar kiɗa wuta ta ɗauke. Jitoci suka yi tsit, fili ya yi duhu, na ce shi ke nan an tashi. Mai kalangu ko gezau. Ya ƙara matse shi a hammata ya ci gaba, mai ƙwarya ya bi shi da zobban da ke yatsunsa, jama'a suka kama tafi, aka haska su da fitilun waya. Kafin a tada inji an ɗan jima. Da wuta ta dawo, mai jita bai koma inda ya tsaya ba, sai ya shigo ta inda kalangu ya kai. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

Na ɗauko a waya na kai wa abokina. Ya saurara minti 2 ya miƙo mini, ya ce abu ɗaya ne ake ta nanatawa. To shin son abin ne ya rufe mini ido, ko kuwa akwai wani abu a kiɗan ido da ido wanda waya ba ta ɗaukowa?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Ba son abu ba ne ƙanena. Wanda bai tsaya a wurin ba ba zai gane ba.

Abban_Sadiq:
Ni ina bayan abokinka. Waƙa idan tana da abin faɗa, minti 5 ya ishe ta. Yawancin masu jan kiɗa minti 40 baitoci ne suka ƙare musu, sai su ɓuya a bayan jita. Mawaƙin situdiyo yakan zauna ya rubuta, ya goge, ya gyara, ya rera sau goma har ya samu wadda ta yi. Wannan shi ne aiki. Wanda ya hau fili ya ce duk abin da ya zo mini shi zan kaɗa, yana gwaji ne da lokacin mutane.

Jikan_Sarkin_Kiɗa:
Abban Sadiq, da girmamawa, wannan "duk abin da ya zo mini" ita ce ban yarda da ita ba. Ni a gidan kalangu aka haife ni, tun ina shekara 7 nake riƙe kurkutu a bayan mahaifina, kuma na san wahalar da ke ƙarƙashin abin da kake gani kamar sakaka.

Kurkutu murya ɗaya gare shi. Aikinka ka riƙe bugu ɗaya, kada ka yi gaba kada ka yi baya, ko da awa 2 za a yi. Shekara 3 na yi a kai kafin a bar ni in taɓa babban kalangu. Idan na kuskure mahaifina ba ya magana, kallo ɗaya zai yi mini ta gefen ido, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. To wannan bugun da ba ya canzawa shi ne abokin ɗan Bagalam ya ji ya ce nanatawa ce. Gaskiya ne nanatawa ce, amma ita ce ƙasar da ake takawa. A kanta babban kalangu ke yawo. Ka matse tsarkiya murya ta hau, ka sassauta ta sauka, da haka kake furta magana, domin Hausa kanta hawa da sauka ce. Mai kunnen abin yana jin kalmomi sarai.

Kuma makaɗa suna magana da juna ana tsakiyar wasa. Idan uban kiɗa zai sauya, akwai ɗan gajeren bugu da yake yi, na baya su san a zagaye na gaba za a juya. Wani da kafaɗa yake sanarwa, wani da ɗaga makaɗi. Babu takarda, amma kowa ya san dokar. Abin da ba a sani ba shi ne yaushe za a juya da kuma ina za a nufa, wannan fili ne ke yanke shi.

Ɗan Bagalam, ina da tambaya. Akwai mai tsire ko mai balangu a bakin filin nan?

ɗan_Bagalam:
Akwai kuwa! Yaya aka yi ka sani? Yana kafa tukubarsa daga gefen hanya. Kuma kusan kowane mako akwai lokacin da yake barin wuta ya shigo fili da wuƙarsa a hannu yana taka rawa, ya manna wa mai kalangu kuɗi a goshi ya koma. Na ɗauka nishaɗi ne kawai ke kamo shi.

Jikan_Sarkin_Kiɗa:
Kiransa ake yi. Kalangu asalinsa kiɗan mahauta ne, suna da takensu. Mai kalangunku ya hango shi, ya saƙa taken a cikin kiɗan, shi kuma jininsa ba zai bar shi ya tsaya ba. Mako mai zuwa ka sa kunne daidai lokacin da ya ajiye tsinke, za ka ji kiɗan ya canza kafin ya motsa. Ka ga wannan ba za a yi shi a situdiyo ba, don mai tsiren ba ya can.

Malamin_Adabi:
Muhawara mai daɗi. Bari in ƙara wani abu daga ɓangaren nazari. Masana waƙar baka suna kiran amshin nan da ake komawa gare shi gindin waƙa, baitocin da jagora ke kawowa kuma ɗiyan waƙa. Gindi a kafe yake, ɗiya kuwa suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri. Shi ya sa idan ka tara rerawa uku na waƙa ɗaya ta Alhaji Mamman Shata, wadda aka ɗauka a gidan rediyo da wadda aka ɗauka a wurin biki da wadda aka ɗauka a gidan wani attajiri, za ka tarar gindi ɗaya ne amma ɗiyan sun bambanta. Wanda ya shigo fili a ranar ya shiga waƙa, wanda bai zo ba ya fita. Shata ya shahara da yin waƙa nan take, kuma wannan baiwar na cikin abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Har ya rasu a 1999 ba a san shi da rubuta waƙa a takarda ba.

Sai dai kada mu ce duk makaɗanmu haka suke. Makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo, masu kotso, sukan zauna da 'yan amshinsu su tsara waƙa su haddace kafin su je gaban sarki, shi ya sa za ka ji jagora ya ɗauko magana 'yan amshi su ƙarasa masa ita daidai. Wato abin da Abban Sadiq yake so da abin da ɗan Bagalam yake so, duka biyun namu ne tun da.

Basakkwace_na_Gidan_Gona:
Malam gaskiya ne, amma ko su masu kotson ba su rasa ƙari nan take. Ubana ya ga Ɗanƙwairo da idonai wajen wani naɗin sarauta, yac ce in wani babba ya iso ana cikin waƙa, take za a jefa sunanai da na kakanninai, 'yan amshi su karɓe kamar da shi anka shirya. Shiri na nan, amma an bar ƙofa buɗe.

Malamin_Adabi:
Na karɓi gyara, haka ne.

Tauraron_Abzin:
Ku zo Agadas ku ga inda wannan abin yake da kasuwa har gobe. A nan biki ba ya cika sai an kira masu jita. Ana shimfiɗa tabarmi a kan titi ko a fili, a kafa lasifika, a tada inji, mata su zauna gefe ɗaya da kwalliyarsu, maza gefe ɗaya da rawunansu, a bar tsakiya don rawa. Masu rawa suna shigowa biyu-biyu ko huɗu-huɗu, kuma ba a sauke kiɗa sai layin masu son shiga ya ƙare. To ka ga tsawon waƙa ba mai jita ne ke yanke shi ba. Idan ƙawayen amarya 30 ne, sai ka nemo abin da za ka riƙa faɗa da jitarka har su gama, kuma kada ka gundure su.

A nan ne Etran de L'Aïr suka taso, ma'anar sunan taurarin Abzin. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da 'yan'uwa, sun fara a 1995 da jita guda wadda ba ta lantarki ba, gangarsu kuwa ƙwarya ce da aka kifa a ruwa ana bugunta da takalmi. Sun shafe shekaru fiye da 20 suna bin bukukuwan talakawa kafin faifansu na farko ya fita waje a 2018. Yanzu suna zagaya Turai da Amurka, amma hannun da Turawa ke mamaki a gidan biki aka gasa shi. Haka Mdou Moctar, bahagon nan, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa ta katin waya da Bluetooth suka fara yawo, amma duk wanda ya gan shi a fili zai gaya maka abin da ke waya inuwa ce kawai.

Ɗan Bagalam, ka riƙe yaran nan naku da kyau. Haka ake farawa.

Zabarkano_Yamai:
A Yamai kuma akwai ƙungiyar Tal National. Almeida ne ya kafa ta a 2000, mutumin da aka san shi alƙali da rana, mai jita da dare. An san su da wasan awa 5 a dare ɗaya ba hutawa, makaɗa suna karɓar juna, wani ya sauka wani ya hau kiɗa bai tsaya ba. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma kalangu na tsakiyar kiɗansu tare da gangunan Turawa. Na kalle su ba sau ɗaya ba. Akwai lokacin da mai kalangu da mai ganguna za su fuskanci juna, wannan ya jefa wancan ya mayar, sauran duk su ja baya su bar su. Faifansu da ya fita duniya a 2013 yana da kyau, ina da shi, amma waƙar da ke minti 6 a ciki na ji ta ta ninka haka a fili.

Abban_Sadiq:
To ai waɗannan da kuke lissafowa ƙwararru ne, sun yi shekaru. Ni maganata a kan yaran unguwa ce. Shata ɗaya ne. Ba duk wanda ya rataya jita ya ƙi sauka ba ne ya zama gwani.

Maman_Iman:
Abban Sadiq, su ƙwararrun daga sama suka faɗo? Ba ka ji abin da Tauraron Abzin ya ce ba, shekara 20 a gidajen biki?

Ni abin da ya fi damuna ma namu na mata ne. Lokacin bikin yayata, a cikin gida aka yi amada. Aka kifa ƙore a cikin ruwa, wasu a kan tabarma, mata zalla, aka rufe ƙofa. Mai waƙar ta san kowa, wadda ba ta sani ba a raɗa mata a kunne. Ta ga gwaggonmu ta shigo da sabon leshi ta sa shi a waƙa. Ta ga kishiyoyi biyu sun zauna nesa da juna ta yi musu hannunka mai sanda har suka yi dariya suka tashi rawa tare. Kakata da ba ta iya miƙewa sai an kama ta, da aka ambaci sunan mahaifinta da garinsu, sai ga hawaye, ta kwance bakin zanenta ta ba da abin da ke ciki. Irin gidan da Barmani Choge ta fito ke nan, Allah ya ji ƙanta, tun 2013 da ta rasu ban ga wadda ta cike gurbin ba.

Bikin 'yata bara kuwa DJ aka kawo. An yi waƙar amarya a situdiyo da sunanta da na ango, ta yi daɗi, ba zan ce ba ta yi ba. Amma an sa ta sau 6 a daren, kuma duk sau shidan abu ɗaya ta faɗa. Ƙanwar mahaifina ta taso tun daga Gaya, ta shigo ta zauna ta tafi, babu wanda ya ambace ta.

DJ_Na_Kowa:
Hajiya ki yi mana adalci. Mu ma neman halak muke. Mai biki ne ke zuwa ya ce ga abin da yake da shi. Makaɗa 6 ko 8 sai ka ɗauko su a mota, ka ciyar da su, ka sallame su, ni kuwa ni da yarona ne da kayan sauti. Kuma matasan yanzu waƙar da suka ji a TikTok suke so a sa musu, in ba ka sa ba su ce ba ka iya ba. Ni kaina ina son kiɗan gargajiya. Akwai bikin da na yi aiki tare da masu kalangu, na ba su makirufo biyu na kashe nawa, fili ya fi tashi a lokacinsu fiye da nawa, ban ji haushi ba. In masu biki za su biya a haɗa biyun, ni a shirye nake.

Maman_Iman:
Ban zarge ka ba ɗana, mu masu bikin ne muka zaɓa. Har da ni.

Ɗan_Zongo_a_Bronx:
Salam 'yan'uwa. Abin da zan faɗa zai ba ku mamaki, a nan Amurka akwai jama'a guda da suka gina rayuwarsu a kan irin wannan kiɗan. Wani dattijon Bature da muke aiki tare shi ya buɗe mini ido. Tun yana saurayi yake bin wata ƙungiya mai suna Grateful Dead, wadda ta fara a yankin San Francisco a 1965 ta tsaya a 1995 da jagoranta Jerry Garcia ya mutu. Sun yi wasa sama da 2,300, kuma ba sa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau. Shi ya sa masoyansu ke bin su gari zuwa gari, mutum ya kalle su dare uku a jere, kowane dare daban.

Abin da ya fi burge ni, ba su hana mutane ɗaukar sauti ba. Daga 1984 ma wuri na musamman suka ware wa masu rikoda. Mutane suna musayar kaset kyauta, kowanne da kwanan wata da sunan gari a jiki. Mutumin nan yana da akwatuna cike, zai ce maka waƙa kaza ta shekara kaza a gari kaza ta fi ta ko'ina, kamar yadda Malamin Adabi ya kwatanta rerawar Shata. Masu ganguna biyu gare su, kuma ɗayan, Mickey Hart, ya yi aiki da makaɗan Najeriya, Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju mai gangar Yarbawa 'yar'uwar kalangu. Akwai kuma wata ƙungiyar, Phish, da a daren shiga shekarar 2000 a Florida suka kama kiɗa tun wajen tsakar dare ba su sauke ba sai da rana ta fito.

Na sa masa bidiyon wani wasan kalangu da aka turo mini daga Kumasi. Bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya nuna mini daidai inda uban kiɗa ya ba da alamar juyawa. Kunnen ɗaya ne.

Malamin_Adabi:
Wannan batu na kaset ya taɓa ni. Mu namu nawa ne suka salwanta? Wasannin da aka yi a gidajen biki da filayen dambe da dandali, babu mai ɗauka, in an ɗauka ma kaset ɗin ya narke a cikin akwati. Abin da ya tsira yawanci wanda gidajen rediyo suka adana ne. A Legas ma Fela Kuti yakan daɗe yana kaɗa waƙa a gidan wasansa mai suna Shrine kafin ya ɗauke ta a faifai, kuma da zarar ya ɗauka ya daina yin ta a fili. Wato a wurinsa rayuwar waƙa tana gaban jama'a ne.

Abu_Hafsat:
Ni dai tunatarwa zan yi. Irin wuraren nan sau da yawa akwai cakuɗuwar maza da mata, da shaye-shaye a bayan fage, kuma wanda ya kai ƙarfe 1 a waje da wuya ya samu asuba a jam'i. Kowa ya duba wa kansa.

ɗan_Bagalam:
Na gode da nasiha Malam, Allah ya saka. A namu filin sai an idar da isha'i ake farawa, kuma kafin 12 an tashi, don mai unguwa ya kafa wannan sharaɗin. Mata da yara suna gefensu a kan tabarmi. Shayi da tsire da ƙosai ake sayarwa. Ban ce ko'ina haka yake ba, amma nan haka na gani.

Mai_Kula_da_Zaure:
An yi nasiha an karɓa cikin mutunci, madalla. Hukuncin kiɗa muna da zaren da aka tattauna shi daban, mai so ya je can. A nan mu tsaya kan tambayar da aka yi.

Inna_ta_Tudun_Wada:
Ni maƙwabciyar irin wannan fili ce a garinmu, kuma ina da mara lafiya a gida. Ku masu jin daɗi ku riƙa tuna na bayan katanga. Kalangu da ƙwarya ba su taɓa hana ni barci ba, da su muka girma. Lasifikan nan ne da ake ƙure wa murya har kwanon rufi na rawa. Na aika an roƙe su sau biyu, sai a rage na minti 10 a mayar.

Mai_Gyaran_Sauti:
Inna kina da gaskiya, kuma ƙure murya ma ɓata kiɗan yake. Yawanci makaɗan ba sa jin junansu ne, don duk lasifikan jama'a suke kallo, sai kowa ya riƙa ƙara tasa. In aka ajiye ƙaramar lasifika ɗaya a gabansu tana fuskantarsu, za su ji juna, a rage ta waje. Masu kiɗan nan take sun fi kowa bukatar wannan, tunda da kunne suke tafiya.

Sai tambayar ɗan Bagalam ta asali, me ya sa waya ba ta ɗaukowa. Wani ɓangaren amsar na fasaha ne. Makirufon waya don maganar mutum aka yi shi. In sauti ya yi ƙarfi sai wayar ta danne shi da kanta, in ya yi ƙasa ta ɗaga, sai hawa da saukar da suka sa tsigar jikinka ta tashi su zama shafe ɗaya. Ƙaramar lasifikar waya kuma ba ta iya fitar da bas da ƙasan ganga, waɗanda a fili a ƙirji kake jin su. In ka tura ta WhatsApp a sake matse ta. Abokinka saman kiɗan kawai ya ji. Ka nemi mai kayan sautinsu ya ɗaukar maka daga jikin na'urar haɗa sauti, ka ajiye wata wayar nesa kaɗan don ta kamo tafi da guɗa, sannan a saurara da abin kunne mai kyau.

Jikan_Sarkin_Kiɗa:
Ko an yi haka da saura. Minti 2 ya saurara. Abin da ya faru a minti na 30 yana da daɗi ne saboda ka bi ta 29 ɗin da suka wuce. Kuma shi a zaune yake ya san wuta za ta dawo, tunda an riga an gaya masa. Ku da ke wurin ba ku sani ba, makaɗan ma ba su sani ba.

Abban_Sadiq:
Wannan na yarda da ita. Amma ku ma ku yarda akwai daren da abin ba ya haɗuwa. Na taɓa zama a wani wasa a Kaduna, masu jita biyu kowa na son a ji shi, mai ganga ya gudu ya bar su, aka yi rabin awa ana kokawa. Na biya kuɗin shiga, na fita da ciwon kai. Ɗan Bagalam, tsakaninka da Allah, cikin wata 4 ɗin nan ba a taɓa yin irin wannan daren ba?

ɗan_Bagalam:
An yi, Yaya, sau biyu. Ɗaya mai bas ne bai zo ba, aka sa wani yaro da bai san hannunsu ba, duk inda suka juya sai ya makara. Ɗayan kuma ban san dalili ba, kowa na nan amma kiɗan ya ƙi tashi, suka yi ta lalube, mutane suka fara zamewa. Na ga ƙaramin mai jitar yana naɗe waya bayan an tashi, ko ɗaga kai bai yi ba. Na je na gaishe shi, ya ce mini yau ba su ji juna ba. Raina ya sosu saboda shi. Amma Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce wadda suka ja amshin nan minti 40, kuma ina ganin da ban ga daren da ya ƙi ba, da ban san darajar wanda ya yi ba.

Zabarkano_Yamai:
Tambaya mai muhimmanci: ana ba su wani abu kuwa? Don tafi ba ya sayen tsarkiya.

ɗan_Bagalam:
Ba a karɓar kuɗin shiga. Ana zagayawa da ƙwarya, sai kuma abin da aka manna musu. Daga ciki ake sayen man inji a biya mai lasifika. Mai kalangun ya gaya mini akwai daren da bayan an cire waɗannan kowa jika guda ya samu. Dukansu suna da sana'a, ɗaya tela ne, ɗaya yana gyaran babur, mai ƙwaryar ɗalibi ne.

Tauraron_Abzin:
To ku 'yan unguwa ku yi musu abu biyu. Duk mai biki a cikinku ya kira su ko da na awa 2 ne kafin DJ ya hau. Na biyu, ku haɗa kuɗi ku saya musu tsarkiyoyin jita na ajiya, don a nan ma abin da ke kashe wasa ke nan, ta tsinke babu madadi.

DJ_Na_Kowa:
In Maraɗi ce ina da abokin sana'a a can, zan yi masa magana ya ara musu ƙaramar lasifikar da Mai Gyaran Sauti ya ce.

Inna_ta_Tudun_Wada:
In ta yi aiki ku faɗa mini, in kai wa namu labari.

Abban_Sadiq:
Har yanzu ina nan a kan cewa waƙar da aka zauna aka tsara ta fi daɗewa a duniya. Amma ɗan Bagalam, in ka samu an ɗauka daga na'urar, ka turo mini. Kada ka yanke, ka turo duka, zan zauna in ji daga farko.

Jikan_Sarkin_Kiɗa:
Ni kuma ka tambayar mini mai kalangun ɗan wane gida ne, kuma a wurin wa ya koya. Yadda ka kwatanta riƙon da ya yi a cikin duhu, hannun ya yi mini kama da na mutanen Gobir. Kuma ka lura da hadari, damina ta kusa, fata ba ta son laima. In ka ga yana kanga kalangun kusa da wutar mai tsire kafin a fara, kada ka yi mamaki.

ɗan_Bagalam:
Ai yana yi! Makon jiya na gan shi tsugune a gefen tukuba yana jujjuya shi yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa. Zan tambaye shi Asabar in Allah ya kai mu. Mai Gyaran Sauti, wace irin waya zan nema da za ta shiga jikin na'urar? Ka turo mini hotonta in nuna a kasuwa.